Ganyen oregano ya rasa ƙamshinsa

Jiya na buɗe kwalbar busasshen oregano zan zuba a miya, na sunsuna, shiru. Ganyen ya koɗe ya koma ruwan toka, na murza a tafin hannuna, sai warin ciyawa kawai. Wallahi abin ya yi min ciwo, don ni na jawo. Kusa da murhu na ajiye ta, kullum zafi da tururi na dukanta, ga hasken taga. Ƙamshin nan wani mai ne a cikin ganyen, zafi da iska ke gudu da shi a hankali. Yanzu na samo sabo, na zuba a kwalba mai murfi gam, na rubuta kwanan wata a jiki, na sa a kabad mai duhu.