Godiya Bayan Baje Kolin Tarihin Zango

Alhamdulillahi, an yi an gama lafiya. Jiya da dare aka mayar da akwatin ƙarshe na kayan tarihin da muka aro don baje kolin gidan masu shi a unguwar Sabon Zango ta Accra, sai yanzu hankalina ya kwanta har na iya zama in ce muku na gode. Batun neman izini da yadda aka yi ta ɗaga ranar, duk kun sani, ba sai na sake tayar da shi ba.

Yammacin Asabar ɗin nan ne ya ƙi barin raina. Takardu na shimfiɗe a kan tebura ƙarƙashin rumfa, a gefen Ussher Fort, tsohuwar ganuwar bakin teku mai gidan tarihi a ciki, sai ga iska ta taso daga teku, gari ya yi baƙi. Tun ambaliyar 3 ga Yuni 2015, duk ɗan Accra da ya ga hadari irin wannan sai gabansa ya faɗi. Ni kuwa abin da ke gabana wasiƙun ajami ne na kakanni, da waƙoƙin shahararren malami Alhaji Umaru Karaki, wanda ya rasu a 1934, da wani malami ya kwafa da hannunsa, da hoton kakan mahaifina cikin kakin sojan Hausa. Tawadar irin ta allo ce, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya tafi da layi guda. Kuma yawancinsu ba nawa ba ne, amana ce na karɓo gida-gida.

Kafin in san abin yi, Inna mai kifi ta riga ta yaye tamfol ɗin da ta rufe itacenta da shi, tana ƙwala wa samarin masunta kira da yaren Ga. Suka riƙe gefe huɗu da hannu, ruwa na dukansu, har muka kwashe komai. Itacenta ya jiƙe sharkaf, washegari ba ta yi bandar kifi ba. Na kai mata ɗan abin da ya samu, ta ƙi karɓa, wai kakarta a kasuwar Salaga ta yi zama kusa da Hausawa masu goro. Na san ba ta son a yi zancenta, amma Inna, ki yi haƙuri, sai na faɗa. Allah ya biya ki, ya albarkaci 'ya'yanki da jikokinki.

Ma'aikatan gidan tarihin ma sun yi mana halin girma. Su suka ba mu wurin fakewa, kuma da safe suka zagaya da yaran makarantunmu: Holandawa suka gina ganuwar a 1649, ta koma hannun Turawan Ingila a 1868, ta yi zaman kurkuku har 1993. Yaran nan kullum suna wucewa ta nan a mota, amma da yawansu ranar suka fara shiga.

Baba Liman, duk da ciwon ƙafa, ya zauna tun hantsi har azahar yana ba su labarin yadda aka kawo Hausawa daga Legas yaƙin da ya kai ga ƙone Kumasi a 1874, da zangon Malam Naino, da yadda ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango. A ganina wannan zaman ya fi duk abin da muka jera a tebur daraja, don matasanmu da yawa sun ɗauka daga unguwar Nima tarihinmu ya fara. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Hajiya Babba ta Tudu da ta ciyar da jama'a koko da ƙosai, da matasan Mamobi da suka yi dakon kujeru, Allah ya saka muku da alheri, ya yaye muku damuwarku, ya jiƙan iyayenku.

Akwai 'yan uwa na jini da sauran takardun gidanmu ke hannunsu. Sun yi alkawari, mun ware musu tebur, haka ya wuni babu kowa, ko waya ba a ɗauka ba. Wataƙila uzuri ne. Allah dai ya tsare takardun daga gara, ya kuma haɗa kanmu.

Waɗanda suka ba mu aron kaya, don Allah kowa ya buɗe akwatinsa ya duba tun yau. In an ga wani abu bai dawo ba, ko an haɗa na wani gida da naku, a same ni bayan sallar Juma'a.