Taurari Biyar Ba Su Cin Wasa

Duk Disamba, idan jami'o'in Amurka suka fara sa hannu da sababbin 'yan wasansu na ƙwallon Amurka, wadda ake jefawa da hannu, sai magoya baya su ruɗe da ƙirgen taurari. Shafin 247Sports, mai tantance 'yan wasan sakandare, kan ba yara 32 taurari biyar, wato maki mafi girma, a shekara, daidai da yawan waɗanda ake ɗauka a zagayen farko na zaɓen sababbin 'yan wasa a NFL, babbar gasar ƙwararru. Ni dai ba da wannan nake auna kamun da jami'a ta yi ba.

Ku dubi jami'ar Texas A&M a 2022. Ta kwashe yaran da aka fi yabawa a ƙasar, amma ta ci wasa 5 ta sha kashi a 7. Shi kuwa Josh Allen, wanda ya zama shahararren mai jefa ƙwallo a NFL, manyan jami'o'i ko kallo bai ishe su ba, sai da ya bi ta ƙaramar kwaleji kafin Wyoming ta ɗauke shi.

Abin da nake fara dubawa shi ne kattan da ke kare mai jefa ƙwallo. A bidiyon yaro ba na damuwa da yadda yake ture 'yan sakandare, girman jiki ne kawai. Ƙafafunsa nake kallo: idan aka zagayo ta gefensa, yana juya ƙugu da sauri ko sai ya miƙe tsaye tukuna? Wanda ya miƙe, an wuce shi.

Sannan tun da aka sauƙaƙa sauya jami'a a 2018, yaron da aka yi wa shewa bana yana iya tattara kayansa baɗi.