Shekara Biyu Ina Maman Waya

A gidanmu a Jos riƙo ba ya buƙatar takarda. Ni kaina gwaggota ce ta riƙe ni tun ina 'yar shekara biyar har na gama sakandare, kuma ranar da za a kai ni, ɗaure mini kayana kawai aka yi a zani aka ce in yi biyayya. Shi ya sa da ni da maigidana muka tsai da shawara, bayan shekara goma sha ɗaya da aure ba haihuwa, cewa za mu ɗauko yarinya daga gida mu kawo ta wurinmu a Amurka, na zaci abin ba zai wuce shekara guda ba. Farkon 2018 ke nan. Sai ƙarshen 2021 ta taka ƙasar nan.

Ashe ƙasa biyu za ka gamsar, kowace da nata ma'aunin. A Najeriya akwai dokar kare haƙƙin yara ta 2003, jihohi kuma kowace da yadda take tafiyar da abin, sannan galibi ɗan ƙasa ake ba wa yaro. Mu tunda haifaffun can ne, wannan ƙofa a buɗe take. A ɓangaren Amurka kuwa, sai da ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta zo gidanmu a Maryland, ta leƙa kowane ɗaki, ta gwada na'urar gano hayaƙi, ta tambayi albashinmu, ta tambaye mu yadda muke faɗa da yadda muke shiryawa. Aka ɗauki zanen yatsunmu don binciken laifi, wanda wata goma sha biyar kawai yake aiki, in ya ƙare a sake. Sau uku na miƙa yatsuna kafin a gama. Kuma da yake Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1993 kan ɗaukar yara riƙo tsakanin ƙasashe, takardar da ake kira I-600 muka cike, bayanta kuma akwai bincike na musamman, I-604, don a tabbatar cewa yarinyar marainiya ce a ma'anar dokarsu, ba sato ta aka yi ko sayo ta ba.

A watan Yuni na 2019 na fara ganinta, a wani gidan marayu da ikkilisiya ke kula da shi. Tana da shekara ɗaya da rabi, kanta an aske saboda makero, tana riƙe da murfin roba ta ƙi saki. Ba ta zo wurina ba, ba ta kuma gudu ba. Aka ce sai ta zauna a hannuna wata uku kafin kotu ta saurare mu. Na ɗauke ta zuwa gidan yayata, na goya ta, na koyi cewa ba ta barci sai an shafa mata kunne. A watan Oktoba alƙali ya sa hannu, ta zama 'yarmu a doka. Hutun da aka ba ni a asibitin da nake aikin jinya ya riga ya ƙare, na ci bashin wasu makonni a kai. Dole na koma. Na miƙa wa Yaya ita na ce, "Yaya, wata uku ne kawai, in ya yi yawa huɗu." Wato na ɗauki 'ya da takardar kotu, na juya na ba da ita riƙo irin na gargajiya.

Ga kuskurena na farko, kuma na daɗe ban gane kuskure ba ne: na yanka wa Allah rana. A Janairun 2020 na yi azumin kwana ashirin da ɗaya, na rubuta a bangon Littafi Mai Tsarki na cewa da ita za mu yi Ista, ranar 12 ga Afrilu. Na sayi farar riga mai leshi da farin takalmi. Na tashi a taron zumuntar mata na ba da shaida tun abin bai faru ba, aka yi ta tafi ana cewa amin. A lokacin ina kiran wannan bangaskiya.

Ranar 31 ga Janairu Shugaba Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya taƙaita bizar zama ga 'yan Najeriya da wasu ƙasashe, ya fara aiki ranar 21 ga Fabrairu. Lauyarmu ta ce yaran riƙo na iya samun sassauci, kada mu firgita. Kafin mu gama haɗiye wannan sai ga korona. A watan Maris aka dakatar da harkokin biza na yau da kullum a duniya, Najeriya ta rufe filayen jiragenta ga jiragen waje, ba a sake buɗewa ba sai 5 ga Satumba. Ranar Ista ina bakin aiki da takunkumi biyu a fuska, rigar kuwa tana rataye cikin ledarta.

Abin da ya rage mana shi ne waya. Tsakaninmu da Jos awa biyar ne a lokacin zafi, shida a lokacin sanyi, don haka ina fitowa daga aikin dare nake kira a WhatsApp daga cikin mota. Yaya za ta sa ta a cinya ta ce, "Ga mamanki, gaishe ta." Yarinya ta dubi allon, ta lasa, ta sauka ta bi kaza. Wata rana na ji ɗan Yaya yana tambayarta wace mama take nufi, ta ce, "Maman waya." Suka yi dariya, ni ma na yi. Da na kashe wayar na kifa kai a kan sitiyari na yi kukan da ban yi ba ko a shekarun da likitoci suke ce mini a sake gwadawa.

'Yan'uwa a ikkilisiya sun yi iya ƙoƙarinsu, kuma ina ƙaunarsu, amma akwai maganar da na ji har ta fita raina. "Lokacin Allah ne mafi kyau." "Mai haƙuri shi ke dafa dutse." Gaskiya ne duka, sai dai mai faɗa yana riƙe da hannun ɗansa yake faɗa. Wata ma ta ja ni gefe ta ce in bincika ko akwai zunubin da ban tuba ba. Na daina addu'a kusan wata biyu. Ina shiga sujada ta intanet, ina buɗe baki a lokacin waƙa, shi ke nan.

Matar fastonmu, tsohuwa ce 'yar Kagoro, ita ta lura. Ta kira ni ba ta yi mini wa'azi ba, ta ce, "'Yata, buɗe Zabura 13 ki karanta mini." Na karanta. Ta ce in ƙirga sau nawa Dawuda ya tambayi Ubangiji har yaushe a ayoyi biyun farko. Na ce huɗu. Ta ce, "To, shi an rubuta nasa a Littafi, ke kuma kina ɓoye naki. Wa kike ruɗi?" Na ce, "Mama, ina jin haushin Allah ne." Ta ce, "Je ki gaya masa. Ya ji wanda ya fi naki." Daren nan na durƙusa a ɗakin da muka shirya wa yarinya, na faɗi duk abin da ke cikina, ba tsari ba ladabi. Ba abin da ya motsa a takardunmu washegari. Amma na dawo da yin magana da shi, kuma addu'ar ta sauya. Da, roƙona duka a kan fayil ne da sa hannu. Sai na fara roƙo a kan yarinyar kanta: tarin da take yi da sanyin hunturu, haƙoranta, ƙarfin Yaya da ke fama da 'ya'yanta huɗu ga tawa.

Gwajin da ya fi kowanne tsanani ya zo a ƙarshen 2020. Aka aiko mana da wasiƙa ana neman ƙarin hujja. Tsintar yarinyar aka yi tana jaririya, rahoton tsintarta kuma yana ɗauke da wata rana, katin asibitin da aka fara kai ta yana ɗauke da wata daban, tazarar kwana tara. Ba wanda ya yi da mugun nufi, wani ne ya rubuta bayan lokaci bai duba ba. Amma ga mai bincike, kwana tara rami ne da za a iya ɓoye cinikin jariri a ciki.

Nan wani mutum ya ɓullo ta hannun dangin dangi. Ya ce shi ya saba wannan aiki. Zai samo mana takardar mutuwar uwa, da wasiƙar wani kawu da ya sallama yarinya, komai da hatimi, cikin mako biyu. Ya faɗi kuɗinsa, kuma bai kai abin da muka riga muka kashe a tikitin jirgi ba. Ba zan yi ƙarya ba, na so. Na ce wa maigidana yarinyar nan tamu ce a gaban Allah da kotu, ba wanda muka cuta, takarda ce kawai. Ya yi shiru ya ce, "In ta girma ta tambaye mu ina kabarin mahaifiyarta, me za mu nuna mata?"

Na kwana ina juyi. Abin da ya yi ta dawo mini shi ne labarin Saratu. Ibrahim yana da shekara 75 aka yi masa alkawarin zuriya, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. A tsakiyar jiran Saratu ta gaji, ta nemo hanyarta ta hannun Hajaratu. Tun ina makarantar Lahadi nake jin labarin ina ganin wautarta. A daren nan na gane ta sarai, don dabararta tana da ma'ana, al'adar zamaninsu ma ta yarda da ita. Wanda ya ɗauki nauyin dabarar kuwa yaro ne da uwarsa, da aka sallama cikin jeji da salkar ruwa. Da safe muka ce wa mutumin mun gode.

Ba na so in nuna kamar nan take aka saka mana. Ƙin da muka yi ya ci mana wata bakwai. Mijin Yaya ne ya yi ta zirga-zirga har ya gano matar da ta tsinci jaririyar a bayan rumfarta, mai sayar da dankalin turawa, wadda ta koma ƙauye. Ta zo ta yi rantsuwa a kotu, ta tuna ranar domin washegarin bikin ƙanwarta ne. Ta kuma faɗi abin da babu shi a kowace takarda: an naɗe yarinyar da zani mai tsabta, an sa mata hula da safa, an ajiye ta inda rana ba ta bugawa. Wadda ta ajiye ta ta so a same ta da rai. Wannan magana ce zan iya gaya wa 'yata wata rana ba tare da na sunkuyar da kai ba.

A cikin wannan tsakanin na daina ganin masu bincike a matsayin abokan gaba. Duk wanda ke bin labaran gida ya san gidajen da ake tara 'yan mata masu ciki ana sayar da jariransu. A watan Maris na 2021 Ingila ta sa takunkumi a kan ɗauko yara daga Najeriya saboda irin wannan damuwa da rashin amincin takardu, wata ƙawata a can kuma abin ya rutsa da ita ana tsakiyar hanya. Ta yi azumi fiye da ni. Shi ya sa ba na yarda a ce addu'ata ce ta fi ƙarfi, kuma ba na ce wa mai jira ya ƙara bangaskiya. Ina tambayarsa yaushe yatsunsa za su ƙare, ko ya ajiye kwafin kowace takarda a wuri biyu, wa ke riƙe da yaron, kuma ko an aika wa mai riƙon kuɗin abinci a wannan wata. Sannan mu yi addu'a.

Na kuma cire kalanda daga bango. Na shafe ranar da na rubuta a bangon Littafi. A maimakonta na ɗauki aikin da hannuna zai iya: kullum in karanta mata labari ɗaya ta waya ko tana saurare ko ba ta saurare, in rera mata waƙar da muke yi a sujada da Hausa, in aika da rigata da na kwana da ita a sa mata a matashi. Farar rigar Ista na ba wa wata jaririya a ikkilisiya, don ko hannu ɗaya ba zai shiga ba.

Shugaba Biden ya soke wancan umarni ranar 20 ga Janairun 2021, amma namu fayil sai a watan Oktoba aka kira shi. Muka sauka Legas, aka yi mata gwajin likita, aka yi ganawa, aka buga biza. Na yi zaton ranar zan yi rawa. Abin da na gani shi ne Yaya a filin jirgi tana ɓamɓare yatsun yarinya 'yar shekara huɗu daga zaninta ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Bi mamanki, ina zuwa," alhali ta san ba ta zuwa. Duk tsawon jiran ina lissafin abin da aka hana ni, ban taɓa lissafa abin da za a ƙwace wa su biyun ba.

Darenta na farko a Maryland ta ƙi gadon da ya jira ta shekara uku. Ta ƙi madara, ta ƙi biskit. Ƙarfe biyun dare na shiga kicin na dama gwaten acca da ɗan abin da Yaya ta ƙulla mana a leda, ta sha cokali biyar a tsaye. Sai ta ɗauko wayata daga kan tebur ta miƙo mini ta ce in kira mata mama. Gari ya waye a Jos, na kira. Yaya ta ɗauka, yarinya ta hau cinyata don ta ga allon da kyau, ni kuma na kai hannu ina shafa mata kunne.