Yadda na cusa kwamfuta takwas cikin guda ɗaya a shagona

Ina da ɗan wajen koyar da kwamfuta a nan cikin Katsina ta wajen Ƙofar Ƙaura, ɗaki biyu ne, kwamfuta tara, takwas daga ciki tsofaffi ne ƴan gwanjo da na riƙa tsintowa ɗaya bayan ɗaya, ta taran ce kaɗai mai ɗan ƙarfi, ram ɗinta giga 16. Abin da ya fi cin raina tun da na buɗe wajen shi ne fomatin. Yaro zai zo koyo, kuma ai koyo sai da taɓe-taɓe, ya goge abin da bai kamata ba ko ya soka filas mai bairos, washegari kwamfuta ta ƙi tashi, ni kuma in kwana ina sake ɗora mata komai daga farko da wutar inbata da nake tattalinta. Har ta kai na fara hana yara taɓa wasu wurare, wlh abin na damuna sosai, don wanda ka ce ma kar ya taɓa to ka hana shi koyo ne kawai.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa Ƴar'aduwa shi ya fara yi mani maganar QEMU. Ya ce Yaya ai akwai manhajar da ke ƙera kwamfuta sukutum a cikin kwamfuta, da furosesarta da had dis ɗinta da katin netwok da komai, kyauta ce kuma kod ɗinta a buɗe yake kowa na iya karantawa. Shawarar ita ce in sa Linux, wato tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, a kan babbar, in tada ƙananan kwamfutoci takwas a cikinta, tsofaffin nan kuma su zama sikirin da kibod kawai, su riƙa leƙo tasu ta kebul da wani abu da ake kira VNC. Ya rubuto mani layin umarni mai tsawo a waya, na kwafe shi yadda yake ban fahimci rabinshi ba.

Gwajin farko ya kusa sa ni haƙura. Na tada guda ɗaya tak ina ɗora mata Debian, wani nau'in Linux, tun bayan la'asar har aka kira magariba ba ta gama ba, fankar babbar kwamfutar sai kuka take. Na ce in guda ɗaya ta yi haka ina ga takwas. Kwana biyu ina bincike kafin in gane cewa aiki iri biyu ne QEMU ke yi kuma ni mai wahalar na kama ban sani ba. Na farko kwaikwayo ne zalla, wato duk umarnin da baƙuwar kwamfutar, ƙaramar da aka tada a cikin babbar, ta ba furosesarta, QEMU zai karanta shi ya fassara shi zuwa yaren furosesar gaske sannan a aiwatar. Sashen da ke wannan aikin sunanshi TCG. Kamar alhaji ne da ya je kasuwar Makka da tafinta, duk kalmar da zai faɗa sai ta bi ta bakin wani, ciniki zai yiwu amma sai an zauna. Yana da dabara dai, ba kalma-kalma yake fassarawa ba, guntu-guntu yake ɗauka kuma in ya fassara guntu sai ya aje shi don in an sake zuwa wajen ba sai ya sake wahala ba, duk da haka bai kai gudun gaske ko kusa. Amfaninshi shi ne da shi za ka iya tada kwamfutar ARM irin ta cikin waya a kan Intel, ko akasin haka.

Na biyun shi ne inda baƙuwa da mai masauki yarensu ɗaya, to mi ya kawo tafinta? Sai a bar furosesar gaske ta gudanar da umarnin kai tsaye, sai in baƙuwar ta nemi taɓa wata na'ura kamar dis ko netwok sannan a tsaida ta a miƙa ma QEMU ya amsa. Wannan aikin KVM ne, yana cikin zuciyar Linux ɗin kanta, kuma ba ya aiki sai furosesa na da wata baiwa da Intel suka kira VT-x, AMD kuma AMD-V. Na ƙara -enable-kvm a layina sai ya ce shi bai ga KVM ba. Na duba, fayil ɗin /dev/kvm babu shi kwata-kwata. Ashe a cikin bayos, saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, abin a kashe yake tun daga wajen wanda na saya. Na sake kunna kwamfuta na shiga bayos na kunna shi, layi ɗaya, na dawo na sake gwadawa, aikin da ya ci mani yamma guda ya ƙare kafin shayina ya huce. Daga ranar duk wanda ya ce mani tashi na jan ƙafa tambayar farko da nake mashi ita ce ka duba /dev/kvm?

Abin ya burge ni har na je na karanta tarihinshi. Wani Bafaranshe Fabrice Bellard ne ya fara QEMU a 2003, shi ne kuma ya fara FFmpeg wanda manhajojin kallon bidiyo da yawa irin su VLC ke amfani da shi, mutum ɗaya fa. Lokacin kwaikwayon ne kawai don furosesoshin ba su da waccan baiwar tukunna, Intel sun fito da tasu a 2005, AMD a 2006. Sai Avi Kivity a wani kamfani Qumranet ya rubuta KVM aka shigar da shi Linux 2.6.20 a farkon 2007, shi kuma bai tsaya ƙera na'urori daga farko ba, sai ya jingina da QEMU tunda an riga an yi wannan aikin kuma a buɗe yake. Red Hat suka sayi kamfanin a 2008. Wannan wajen ya tsaya mani a rai, mutum ya yi katanga wani ya zo ya ɗora rufi ba tare da ya nemi izini ko ya biya ba, saboda lasisin GPL ya yarda da haka matuƙar kai ma in ka raba naka za ka bar kod ɗin a buɗe. Yau waccan wayar gwaji da masu rubuta manhajar Android ke tadawa a kwamfuta ita ma a kan QEMU aka gina ta.

Maganar fomatin kuma qcow2, tsarin fayil ɗin dis na QEMU, shi ne ya kashe ta. Had dis ɗin baƙuwa ai fayil ne kawai, kuma wannan tsarin ya ba ka dama ka yi fayil ɗaya cikakke, ni ina kiranshi uwa, sannan ka yanko mashi ƴaƴa da umarnin qemu-img. Kowane ɗa kusan fanko yake farawa, in ana son karanta abu sai a leƙa wajen uwa, in an canza abu sai a rubuta a jikin ɗan. Kenan uwa ɗaya mai giga goma ta ishi takwas ɗin. Yaro ya lalata tashi, in goge ɗan in yanko sabo, ko minti ɗaya ba a yi. Ranar da na fara ce ma ɗalibai ku taɓa duk abin da kuke so ku ɓata in kun iya, wani yaro ya ɗago ya ce Malam da gaske? Na ce da gaske. Ya goge rabin tsarin da hannunshi, ya ga yadda ta mutu, muka tada sabuwa, kuma na tabbata abin da ya gani rannan ya fi duk bayanin da zan yi mashi a allo.

A nan ne kuma na yi kuskuren da ya fi mani ciwo. Wani dare bayan an tashi na ce bari in sabunta manhajoji, maimakon in bi takwas ɗin ɗaya-ɗaya sai na ga ai sauƙi in tada uwar kanta in sabunta ta, ƴaƴan su gada. Duk a kashe suke don haka ba abin da ya hana ni. Da safe uku suka ƙi tashi, sauran suka tashi da fayiloli a hargitse. Dalili shi ne ɗan bai san sunan fayil ba, wuri ya sani, ya san cewa gurbi kaza ban canza shi ba a ɗauko daga uwa, to ni kuma na je na sauya abin da ke cikin guraben, sai ya zama rabin shafi na jiya rabi na yau. Akwai wata baiwar Allah da ke buga aikinta na kammala karatu a wajena, kusan sati biyu tana zuwa, babinta biyu suka tafi. Ta ce ba komai Malam Allah ya sa haka ya fi alheri, amma na ga idonta, na mayar mata da kuɗinta na zauna na taya ta sake bugawa daga rubutun hannu. Tun daga nan uwa a kulle take ba a rubutu a kanta, in zan sabunta sai in kwafe ta in sa ma sabuwar kwanan wata in yanko sabbin ƴaƴa, aikin ɗalibai kuma ba ya kwana a cikin baƙuwa, akwai folda daban da nake kwashewa duk yamma zuwa wani dis.

Abin da ya kai ni cikin kod ɗin kanshi kuwa haruffanmu ne masu lanƙwasa. Ina koyar da buga Hausa daidai, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, don ni ban yarda a rubuta kasa ana nufin ƙasa ba. Linux na da tsarin kibod na Hausa, setxkbmap ng -variant hausa, na sa shi a tsofaffin kwamfutocin yana aiki lafiya, amma da zarar an shiga baƙuwa ta VNC sai harafin ya ɓace, ka danna ba abin da ya fito, QEMU kuma ya riƙa rubuta gargaɗi cewa bai samu scancode, wato lambar maɓalli, na wannan alamar ba. Na canza font, na canza tsarin baƙuwa, na sake ɗora komai, shiru. Sai na ce tunda an ce a buɗe yake bari in buɗe. Na sayi datar dare na sauko da kod ɗin da manhajar git, na haɗa shi da kaina ya zama manhaja mai aiki. Wanda zai gwada, ya sa --target-list=x86_64-softmmu a wajen configure, in ba haka ba zai haɗa ma duk furosesoshin da ya sani ne kuma batirinka zai ƙare kafin ya gama, sannan yana buƙatar glib da ninja da Python a shirye.

Sanina na C, yaren da aka rubuta QEMU da shi, ba mai zurfi ba ne, amma na ɗauki kalmomin gargaɗin nan na neme su da umarnin bincike grep sai ga ni a fayil ɗin ui/keymaps.c, daga nan na bi wanda ke kiran aikin har ui/vnc.c. Dare uku ina karantawa ina sa printf don ya riƙa nuna mani abin da ke faruwa ina sake haɗawa ina danna ƙ in ga ina ta bi. Abin da na gano shi ne VNC tun asali alamar harafi yake aikawa, wato ya ce an danna ƙ, shi kuma QEMU kibod na ƙarfe yake kwaikwayo, kuma kibod bai san harafi ba, lambar maɓalli ya sani, baƙuwa ce ke yanke wane harafi ne. Don haka dole QEMU ya maida alama zuwa maɓalli da wani jadawali, jadawalin da nake amfani da shi na Turancin Amurka ne, babu ƙ a ciki, sai ya yar da ita. Har na fara shirin rubuta jadawalin Hausa da kaina, sai na ga wani aiki a ƙasa kaɗan da ke karɓar lambar maɓalli kai tsaye, ashe sun daɗe da ƙara ma VNC wata hanya don wannan matsalar, kuma manhajar leƙe irin TigerVNC ta iya ta. Amma akwai wani sharaɗi guda a wajen, in ka ba da -k, wato zaɓin jadawalin kibod, da kanka to zai watsar da lambar maɓallin ya koma jadawali. Na koma layin da ƙanena ya turo mani, ga shi nan a tsakiya, -k en-us, na kwafe shi tun ranar farko ban taɓa tambayar aikinshi ba.

Na goge shi, na sa tsarin Hausa a cikin baƙuwar ita kanta tunda yanzu ita ke yanke hukunci, na danna, ƙ ta fito. Ƙarfe ɗaya da wani abu na dare ne, na kira ƙanena duk da haka, ya ɗauka da muryar barci ya ce Yaya lafiya? Na ce lafiya lau, ka san mi -k ke yi? Ya ce shi ma a wajen wani ya kwafa.

Ban gyara ko layi ɗaya a QEMU ba, masu shi sun riga ni da shekaru, amma ban da na ga wannan sharaɗin da idona da har yau ina canza font. Bayan nan na zauna na bi layin nawa kalma-kalma, duk abin da ban iya bayaninshi ba na nemo ma'anarshi ko na cire. A nan na gane katin netwok ɗin da nake ba baƙin kwaikwayon wani tsohon katin Intel ne e1000, na maida su virtio, wanda baƙuwa ta san ita baƙuwa ce ba a ɓata lokaci wajen yi mata wasan na'urar gaske, dis ma haka, kuma an ga bambanci musamman in takwas ɗin na aiki lokaci guda. Yanzu a ajin Asabar manyan ɗalibai uku na zama da ni, na tada masu kwamfutar ARM da qemu-system-aarch64 tunda ba mu da kuɗin sayen ta gaske, tana jan ƙafa don tafinta ne ke aiki amma tana tashi, satin da ya wuce mun sa -s -S mun tsaida ta tun kafin umarnin farko muka haɗa gdb, manhajar bin diddigin kod, muna taka ta umarni ɗaya-ɗaya, wannan satin kuma ui/vnc.c za mu buɗe in nuna masu inda ƙ ta riƙa ɓacewa.