Kafin ka biya kuɗin sakandare mai zaman kanta a Accra

Iyaye da yawa a Nima, Mamobi da Sabon Zango suna ganin an rubuta a allon makaranta cewa hukuma ta amince da ita, sai su biya kuɗin zangon farko ba tambaya. Alhali amincewar nan kala-kala ce, kuma kowace da iyakar amfaninta.

Tushe shi ne lasisin NaSIA, hukumar da dokar 2020 mai lamba 1023 ta ɗora wa rajista da duba makarantun da ke ƙasa da jami'a. Jami'anta kan shiga ajujuwa, su duba bayan gida, ɗakin gwajin kimiyya, da ko malamai suna da lasisin koyarwa na NTC, wato hukumar kula da malamai ta ƙasa. Lasisin yana da wa'adi, don haka ka nemi a nuna maka takardar, ka karanta kwanan watan da ke jikinta da idonka.

Inda aka fi cin kwakwa shi ne batun WAEC. Makaranta na iya samun lasisi amma ba ta da lambar cibiyar WASSCE, wato jarrabawar kammala sakandare da WAEC ke shiryawa. Sai yaro ya kai aji uku a ce za a kai sunansa wata makaranta, ko ya zauna jarrabawar Nuwamba da Disamba a matsayin mai zaman kansa. A irin wannan rajista ta hannun wani ne ake samun kuskuren suna, ko ranar haihuwa, ko a sa masa darasin da bai karanta ba, kuma gyaran takardar sakamako bayan ta fito aiki ne mai wahala. Jami'o'in Ghana suna neman makin A1 zuwa C6 a darussa shida, uku na dole da uku na zaɓi, saboda haka darasi ɗaya da aka yi wa rajista ba daidai ba ya isa ya sa yaro ya yi asarar shekara. Ka tambayi lambar cibiyar tun ranar farko, ka ga jerin sakamakon bara mai ɗauke da sunan makarantar.

Sai kuma makarantun da ke tallar amincewar ƙungiyoyin Amurka, irin su Middle States da NEASC. Waɗannan ba hukumomin gwamnati ba ne. Makaranta ce ke gayyatarsu, ta rubuta rahoto kan kanta, su turo malamai su yi 'yan kwanaki suna bincike, sannan a sake bayan wasu shekaru. Amfaninsu shi ne jami'o'in waje su yarda da takardar kammalawa. Suna wallafa sunayen makarantunsu a intanet, ka duba can. In ɗanka Jami'ar Ghana da ke Legon ko jami'ar KNUST da ke Kumasi zai nema da WASSCE, wannan tambarin ba zai maye gurbin lambar WAEC ba, ko nawa aka ƙara maka a kuɗin makaranta saboda shi.