Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Bashin Gida a Ƙasar Kwal

Jama'a, assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya ne a gundumar McDowell ta jihar West Virginia a Amurka, kuma masu karatu da yawa sun tambayi yadda talaka ke mallakar gida a can. To yau labarin zai dakata, a yi bayani dalla-dalla.

Amsar ita ce bashin sayen gida, amma sai an san tarihin wurin kafin a gane shi. Layin dogo na Norfolk and Western ne ya buɗe waɗannan duwatsu a ƙarshen ƙarni na 19, kamfanonin kwal suka biyo baya suka gina garuruwa sukutum, irin su Gary da Coalwood. Gida na kamfani, kanti na kamfani, wani lokacin har albashi da kwabban kamfani ake biya, waɗanda ba sa aiki sai a kantinsa. A 1950 mutanen gundumar sun kusa dubu 100. Injina suka karɓe aikin hannu, kamfanin ƙarfe na U.S. Steel ya rufe ma'adinansa na Gary a 1986, a ƙidayar 2020 kuwa mutane 19,111 suka rage. A nan ne aka fara raba takardun tallafin abinci na gwamnati na sabon tsari a 1961, zamanin Shugaba Kennedy.

Bashin kansa na Ma'aikatar Noma ta Amurka ne, wato USDA, ƙarƙashin Sashe na 502 na dokar gidaje ta 1949. Iri biyu ne. Na farko gwamnati ce ke bayarwa da hannunta, ga iyalin da samunsu bai wuce kashi 80 cikin 100 na matsakaicin samun yankin ba. Ana biya cikin shekara 33, masu ƙaramin ƙarfi sosai har 38, kuma tallafi kan sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 1. Amma fa ranar da aka sayar da gidan ko aka tashi, za a nemi a mayar da wani ɓangare na tallafin. Na biyu banki ne ke bayarwa, gwamnati ta tsaya wa mutum. Samun iyali kada ya wuce kashi 115 cikin 100 na matsakaicin samun yankin, biya shekara 30, akwai kuɗin lamuni kashi 1 a farko da kashi 0.35 duk shekara. A bashin dala dubu 100, dala dubu 1 ke nan a farko, da kusan dala 350 a shekarar fari. Dukansu ba a neman kuɗin kafin alƙalami, sai dai dole mutum ya zauna a gidan da kansa, kuma ya zama ɗan ƙasa ko mai cikakken izinin zama. Ga 'yan'uwa Musulmi: bashin mai ruwa ne komai ƙanƙantarsa, don haka a tuntuɓi malamai tukuna.

A McDowell galibi gidan ne ke faɗuwa jarrabawa, ko da takardun mai nema sun cika. Doka ta ce gida ya kasance lafiyayye mai tsafta, alhali da yawa tsofaffin gidajen kamfani ne da aka sayar wa mazauna daga baya. Mai duba gida zai hau rufi, ya leƙa wayoyin wuta, ya bi bututun bayan gida ya ga inda ya ƙare. A ƙauyuka da dama bututun kai tsaye yake zubawa cikin rafi, babu sokawe, kuma wannan kaɗai ya isa ya tsayar da komai. In rijiya ce, sai an auna ruwanta, domin ruwan da ke tsatsowa daga tsofaffin ramukan kwal kan gurɓata ta.

Sai ambaliya. Duwatsun a tsaye suke, fili kaɗan ne, shi ya sa aka jera gidaje a bakin kogin Tug Fork da rafin Elkhorn. Ruwa ya ci garuruwan a 2001 da 2002, ya sake a Fabrairun 2025. Gidan da ke cikin taswirar ambaliya dole a yi masa inshorar ruwa, kuɗinta kuma yana hawa kan biyan wata, har ya ture mutum ya wuce iyakar kason samunsa da aka yarda a kashe kan gida.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne takardar mallaka. Sau da yawa saman ƙasa kawai ake sayar maka, kwal ɗin da ke ƙasa na wani kamfani ne tun kaka da kakanni. In tsohon rami ya rufta, ginin ya tsage, sai inshorar ruftawar ma'adini ta musamman ce za ta biya, don haka a tabbata tana cikin takardun. Ga kuma gidajen gado, irin wanda muka sani a gida: kaka ya rasu ba wasiyya, jikoki sun watse zuwa Ohio da Detroit, ciniki ba ya faɗawa sai kowa ya sa hannu. A sa lauya ya binciki rajistar filaye a kotun Welch, hedkwatar gundumar, tun kafin a biya mai ƙiyasta farashi.

Mai ƙaramin ƙarfi sosai da ya riga ya mallaki gida yana da Sashe na 504: bashin gyara har dala dubu 40 a kan kashi 1 na shekara 20, da kyautar har dala dubu 10 ga mai shekara 62 zuwa sama, wadda za a mayar in an sayar da gidan cikin shekara 3. Da ita tsofaffi ke sake rufi da haƙa sokawe.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu shiga garin Keystone.