Abin da dungun hannu ya koya mini a ɗakin hoto

Aikina sikanin ne a wani asibiti a nan Kaduna, kuma yawancin masu zuwa wurina mata ne masu juna biyu. Ran nan aka turo mini wani saurayi daga Rigasa wanda injin markaɗe ya cinye wa hannun dama, aka yanke shi sama da wuyan hannu kaɗan. Kumburi aka ce in duba a dungun. Da na gama, sai na ce masa ya lanƙwasa manuniyarsa.

Ya yi dariya. "Haba likita, wace manuniya kuma?" (Duk mai farar riga likita ne a wurinsu, na gaji da gyarawa.)

Na ce ya dai gwada. Yana gwadawa wata tsoka ta zame a fuskar na'urar. Na ce babban yatsa, wata daban ta motsa. Tun a makaranta na haddace cewa yawancin tsokokin da ke lanƙwasa yatsu a sangalin hannu suke, jijiyoyi ne ke ratsa wuyan hannu suna jan yatsun kamar igiya. Amma sai ranar karatun ya zauna mini. Hannu ya tafi, masu ja suna nan da ransu, ƙwaƙwalwa kuma ba ta daina aika musu saƙo ba.

Kan wannan masu ƙera hannun roba mai motsi suka dogara. Tsohuwar hanya ita ce a manna ƙananan faifai a fata su ɗauki lantarkin da tsoka ke fitarwa. Matsalarta, saƙon tsokoki na cakuɗewa, na can ciki ba ya fitowa sosai, gumi kuma na dagula shi. Wanda ya san zafin Maris a Kaduna ya san abin da nake nufi. Sikanin kuwa yana nuna kowace tsoka daban, har da ta ƙasa, da yawan takurewarta. A Jami'ar George Mason ta Amurka an daɗe ana gwada sarrafa hannun roba da irin wannan hoto. A Italiya kuma, masu bincike a Pisa sun wallafa a 2024 yadda suka dasa ƙananan maganaɗisu shida a tsokokin dungun wani mutum, ya yi makonni shida yana sarrafa hannu da su.

Ban yi wa saurayin alkawarin irin wannan hannu ba, kuɗinsa ya fi ƙarfinmu duka. Abin da na canza shi ne nawa aikin. Da can kumburi kawai nake nema. Yanzu ina auna kaurin tsokar in rubuta, domin wadda aka bari ba motsi shanyewa take yi, in kuma tura mutum wurin masu gashin ƙashi.

Kafin ya tafi ya ce in juyo masa fuskar na'urar. Ya daɗe yana dunƙule hannun da babu, yana kallo.